Wasan kwaikwayo mai waƙa a hutun damina: ina za a kafa dandali, yaya za a ji baiti?

Sakataren Matasa, Mabera:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ƙungiyar matasan unguwarmu a nan Sakkwato ta tsayar da shawarar shirya wasan kwaikwayo mai waƙoƙi a dogon hutun nan, irin wanda labarin kansa yake tafiya a cikin waƙa. Abin da ke hannu: yara da matasa 34, daga shekara 10 zuwa 19, mako 6 kafin a koma makaranta, harabar wata firamare da ɗakin taronta mai rufin kwano, da alƙawarin aron janareta. Ba a tsayar da labari ba tukuna, wasu na son tarihin jihadi. Muna neman shawarar waɗanda suka san aikin. Allah ya saka.

Malama Mai Adabi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ku fara da lissafin awanni kafin ku zaɓi labari. Masu horar da sababbin 'yan wasa suna ƙiyasta awa ɗaya ta gwaji ga kowane minti ɗaya da za a gani a dandali. Mako 6, kwana 5 a mako, awa biyu da rabi kullum, ya ba ku awa 75. Ke nan wasanku kada ya wuce minti 70, kuma da ni ce zan tsaya a 60, don ruwa zai cinye muku kwanaki. Shafi ɗaya na magana yana cin kusan minti ɗaya. Waƙa 7, kowace minti biyu da rabi zuwa uku, minti 20 ke nan, sai magana shafi 40.

Abin da ke kashe irin wannan wasa shi ne waƙar da ba ta da aiki. Ku gwada kowace waƙa da tambaya guda: in an cire ta, labarin zai yi giɓi? In ba zai yi ba, a cire. Ta farko ta nuna mana gari da mutanensa. Ta biyu ta faɗi abin da babbar 'yar wasa take so. A tsakiya a sami wadda ɓangare biyu ke ja-in-ja a cikinta, wannan gefe ya yi baiti, wancan ya mayar. Ta ƙarshe ta dawo da karin ta farko da sababbin kalmomi, don masu kallo sun riga sun riƙe shi, za su amsa da kansu.

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo:
Ina da magana kan tarihin jihadi tun ba a yi nisa ba. Kada a sa wa yaro rawani a ce shi ne Shehu Usmanu, ko Muhammadu Bello, ko a sa yarinya ta fito a matsayin Nana Asma'u. A Sakkwato waɗannan ba sunayen littafi ba ne kawai, zuriyarsu na nan, Hubbare na nan. Yaro zai manta magana, mutane su yi dariya, kuma dariyar ta faɗa inda bai kamata ba. In tarihin kuke so, ku ɗauki talakan zamanin: manomi, ko maƙeri, ko matar da ta bi jaji, wato jagorar mata ɗalibai, daga ƙauye tana zuwa ɗaukar karatu cikin 'yan taru, ƙungiyar karatun mata ta Nana Asma'u. Hijirar Gudu a 1804 da kafa Sakkwato a 1809, mai ba da labari ya faɗe su daga gefe.

Na biyu, malamai sun saɓa kan kayan kiɗa, kowa ya sani. Kada uba ya fara jin kalangu ranar wasa. A rubuta a takardar neman izini abin da za a kaɗa, da lokutan gwaji, da sunan babbar mace da za ta zauna tare da 'yan mata. A je wa mai unguwa da liman da ƙafa, ba da takarda kaɗai ba.

Malama Mai Adabi:
Allah gafarta Malam, na karɓi wannan gaba ɗaya. Labarin jajin ma ya fi dacewa da waƙa, tunda karatun 'yan taru da waƙa ake haddace shi.

Sakataren Matasa, Mabera:
Mun gode Malam. To maganar wuri: ɗakin taro ko fili? Yawancinmu ɗaki muke so saboda ruwa.

Kawu Mai Sauti:
Ku shiga ɗakin nan ku yi abu biyu kafin ku yanke. Ku ɗaga kai: akwai silin ko kwano ne tsirara? In kwano ne tsirara, ruwan Agusta yana sauka ba lasifikar da za ta fi ƙarfinsa, sai dai a tsaya a jira. Sannan mutum ɗaya ya tsaya tsakiya ya yi tafi guda mai ƙarfi. In ƙarar ta ci gaba da yawo har ka ƙirga biyu, ɗakin zai cakuɗa baiti, a ji kiɗa a kasa jin kalma. Maganinsa tabarmi da barguna a bangon baya, wanda lasifika ke kallo, da labule a tagogin gilas. Jama'a in sun cika ɗaki su ma suna shanye wani kaso.

Amma ni fili na fi so. A fili ba bangon da zai maido da ƙara, murya tana fita tsaf. Kuma mutum 300 a ɗakin kwano da yammacin damina, gumi kaɗai ya isa ya kori iyaye mata masu goyo.

Baba Kafinta:
Ɗiyana, in kunka zaɓi hili, ku saurara da kyau, don wurin da anka kafa dandali shi ka raba lahiya da asibiti. Hadarin damina nan ƙasar daga gabas shika tasowa, kuma iska ka riga ruwa isowa. Rana kuwa da marece tana yamma. To ku nemi jerin azuzuwan da ya miƙe kudu da arewa, ku kafa dandali jikin bangonai na yamma. Ginin shi tare maku iskar gabas, masu kallo su ba rana baya, hasken marece shi sauka bisa huskar 'yan wasa ba ku sayi ƙwan hitila ko ɗaya ba. Azuzuwan nan kuma su zan wurin sauya tuhwahi, aji guda maza, aji guda mata.

Girman dandali: ƙahwa 24 bisa 16 ya ishe ku. Filawud guda ƙahwa 8 ne bisa 4, ke nan guda 12. Ku nemi mai kaurin milimita 18. Mai 12 lanƙwasa shikai in yara goma sunka yi tsalle tare. Kowane filawud a yi mai firam nashi da katakon tu-bai-fo, a gitta ƙarfi ƙarƙashi duk inci 16. Tsawo daga ƙasa ƙahwa 2, kar a wuce. Matakala ukku, kowace inci 8, hagu da dama. Abin da mutane ka mantawa shi na gicciye tsakanin ƙahwahu. In babu shi dandali ba karyewa shikai ba, kwantawa shikai gehe guda sa'ad da masu rawa sunka juya tare. Ƙasa ta jiƙa, don haka kowace ƙahwa a aza ta bisa guntun katako mai hwaɗi kar ta nutse. A haɗa firam da firam da noti, ba ƙusa ba, don a kwance a aje wa baɗi. In an gama, wani shi bi saman da tahin hannu shina lalube, duk kan ƙusar da ya ɗago a buga shi, don yara ba takalmi za su taka.

Injiniya, Arkilla:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: kada a ɗaura babban zane ko tamfol a baya a matsayin ado sai dai a jikin bango. Zane mai ƙafa 24 a sarari, iska tana cika shi ya ja sandunansa su faɗo kan yara. Rumfar haya kuma tana tara ruwa a tsakiya har ta yi tumbi, a sa mutum da sanda mai tsumma a kai yana turewa, ko a karkata ta tun wajen kafawa.

Sakataren Matasa, Mabera:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ke nan wasan yamma kuke nufi? Matasa sun fi son dare saboda fitilu masu launi.

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo:
A Agusta magariba tana kai wa wajen ƙarfe 7, isha'i bayan 8. Wasan dare ba zai fara ba sai 8:30, a tashi 10, a ce 'yar shekara 12 ta koma gida cikin duhu da taɓo. Iyaye da yawa za su hana. In an idar da la'asar aka fara 4:45, an gama kafin 6, an kwashe kaya da sauran haske, kowa ya sami jam'i.

Injiniya, Arkilla:
Ta fuskar wuta ma yamma ta fi. Ga lissafin. Janareta mai kVA 5 abin da yake bayarwa a zahiri wajen wat 4,000 ne, kuma ba a son a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu, wato 3,000. Lasifika biyu masu amfilifaya a ciki, da ƙarama ɗaya mai kallon 'yan wasa, da mikisa mai daidaita sauti, da akwatunan makirufo marasa waya, da fiyano, duka ba za su wuce 1,500 ba. Amma fitilar halojin ɗaya wat 500 ce ko 1,000. Huɗu manya kaɗai sun cinye janaretan, kuma lokacin da aka kunna su tare wuta takan yi ƙasa, mikisa ta mutu ta sake tashi a tsakiyar waƙa. In dole sai fitila, LED za a nema. Ga kuma ƙwari: fitila mai ƙarfi da daren damina tana tara su, suna shiga bakin mai waƙa.

Janareta ya yi nisan mita 25 zuwa 30, a bayan gini, a sarari. Kada a sa shi cikin aji don gudun ruwa, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. A yi masa 'yar rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe. Wayar da za ta jawo wutar ta zama mai kaurin sikwaya milimita 2.5 aƙalla, guda ɗaya ba ƙulle-ƙulle, kuma a warware ta duka, wadda aka bari a naɗe tana zafi. Duk soket a ɗaga shi daga ƙasa a kan benci, a rufe da roba. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa da jikin janareta, don makirufo mai waya yana jan leɓe in ƙasa ta jiƙa. A cika tanki kafin a fara, irin wannan yana shan kusan lita 2 a awa, ba a ƙara mai yana aiki. Ko da akwai wutar gari ranar, a tashi janareta tun farko a zauna a kansa.

Ɗan Makaɗa:
Sallama ga manya. Na ga an ambaci fiyano, ban ga an ambaci makaɗa ba. Yanzu abin da aka saba shi ne a je situdiyo a buga kiɗa, a ɗauki murya, yara su hau dandali suna motsa baki. Ina roƙo kada a yi haka. Ƙasar nan tana da tsarin da ya dace da wannan aiki tun asali: jagora da 'yan amshi. Jagora ya kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa su koma gindi, wato layukan da ake maimaitawa. Haka makaɗan kotso da na taushi suke yi a fada, haka 'yan mata suke yi a gaɗa, haka yara suke yi a tashe da azumi. Amfaninsa gare ku: yara 34, ba kowa ne zai haddace baiti 20 ba, amma kowa zai riƙe gindi mai layi biyu. Jagorori 5 ko 6 su ɗauki nauyin baitoci, saura amshi. In jagora ya manta, makaɗi ya zagaya, 'yan amshi su sake gindi, ya tuna ya shigo, ba wanda ya lura. Kiɗan da aka ɗauka a waya ba ya jiran kowa.

Kawu Mai Sauti:
Ɗana, ina tare da kai a kan motsa baki, wannan ba wasa ba ne. Amma ka faɗi gaskiyar kalangu. Kalangu biyu da kanzagi a kusa da yarinya 'yar shekara 13, ba za a ji ko kalma ɗaya ba. Makaɗan biki sun saba cika fili, hannunsu ba ya sauka. Kiɗan da aka ɗauka kuwa ina iya rage shi da yatsa ɗaya. Ga ƙungiyar da ba ta taɓa yi ba, kiɗan situdiyo babu murya, yara su rera da bakinsu a kai, ya fi sauƙin sarrafawa.

Ɗan Makaɗa:
Kawu, gaskiya ne, amma gyaransa zaɓen kaya ne, ba korar makaɗa ba. Kalangu ɗaya tak, ba makirufo a gabansa, a gefen dandali a ƙasa. Ƙarƙashin baiti a bar gurmi ko kukuma da ƙwarya da ake taɓawa da yatsu; kalangu ya shigo wurin amshi da rawa kawai. Shantu ma yana da taushin murya, ya dace da fitowar mata. A gaya wa makaɗi tun ranar farko cewa a nan shi mai rakiya ne, kuma ya zo gwaji aƙalla sau 8, ba ranar wasa kaɗai ba.

Abu uku a kiyaye. Kakaki da tambari na sarauta ne, ba a ɗauko su don ado. Mandiri a garin nan mutane da yawa da zikiri suka san shi, a tambayi manya kafin a sa shi cikin wasa. Sannan damina tana sakin fata: ganga ta kwana a ɗaki mai laima, da safe muryarta ta mutu. A ajiye kaya a rataye, ba a ƙasa ba, a shanya su in rana ta fito, ranar wasa kuma a tanadi kaskon garwashi a bayan aji a ɗan gasa fatar daga nesa. Izgar kukuma ita ma tana santsi, mai ita ya riƙe ƙaronsa a aljihu.

Kawu Mai Sauti:
In za su zo gwaji sau 8, na janye. Sai dai su zauna kusa, kada su wuce mita 4 ko 5 daga masu waƙa, kuma inda suke ganin bakin jagora. Ƙara tana tafiyar mita 340 a daƙiƙa. In aka kai su can gefe mita 30, kiɗa zai riƙa isowa a makare, amshi ya riƙa ja da baya.

Ga tsarin makirufo. Jagorori 6 ba sa buƙatar 6, huɗu na maƙalawa sun isa in marubuciya ta tsara kada fiye da huɗu su haɗu a fitowa ɗaya, a riƙa musanya a bayan dandali. 'Yan amshi a kafa musu biyu a kan sanda a bakin dandali, su matso su tsaya taku ɗaya daga gare su. Lasifikoki su kasance gaba da duk makirufo, a kan sanda sama da kan mutum, suna kallon jama'a. Kukan nan mai huda kunne yana tashi ne in makirufo ya ji lasifikarsa, don haka duk wanda ya sauka daga dandali a kashe layinsa nan take. Wannan yana nufin mai mikisa ya zauna da rubutun wasan a gabansa, a cikin jama'a, ba a bayan dandali ba, ya san wa zai shigo. Batir sabo kowace rana, alkalin, ba mai arhar nan ba, a liƙe maɓallin kashewa da salatif don yara suna taɓawa.

Hijabi da mayafi suna goga makirufon ƙirji, a ji ƙwaras-ƙwaras. A fito da kan makirufon ta gefen fuska, a liƙa shi a kumatu da filasta, yatsa biyu daga kusurwar baki. Akwatin a sa shi cikin safar hannu ta roba saboda gumi.

Hajiya Tela, Gawon Nama:
Kawu, wannan akwatin a bar mana shi. Ɗamara ake ɗinkawa mai aljihu, da roba mai faɗin inci 2, a ɗaura a ƙugu ƙarƙashin riga, aljihun yana baya. Guda 6 za a ɗinka ko da makirufo huɗu ne, don akwati kawai za a zare a musanya.

Kayan sawa kuma, a auna yara a mako na biyu, a gwada a na huɗu. 'Yan amshi kada a wahalar da iyaye da anko mai tsada: kowa ya zo da farar rigarsa, ƙungiya ta sayi yadi launi ɗaya a yanka ɗankwali da ɗamara. Yadi ɗaya yana ba da ɗamara huɗu. Sabon rini a wanke shi sau biyu da gishiri, in ba haka ba gumi zai sauke shi a kan farin kaya. Zanen 'yan rawa a sa masa igiya ta ciki, ɗaurin hannu yana kwancewa. Duk wanda zai sauya kaya cikin ƙasa da minti biyu, a tsaga rigar ta baya a sa maɓalli mai mannewa, kuma a ba shi mutum ɗaya mai taimako. Rawani ba a naɗa shi a bayan dandali, yana cin lokaci. A naɗa a kan hula a ɗinke, a kifa kawai. Kuma kada a fitar masa da kunnuwa biyu, wannan naɗin 'ya'yan sarauta ne.

Malama Mai Adabi:
Bari in koma kan waƙoƙin, don duk wahalar Kawu banza ce in kalmar da ta fito ba ita ake nufi ba. Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuya na jiki yana farawa sama ya sauka, wuya ta wahala tana farawa ƙasa ta hau. Kuka na hawaye a sama yake duka, kuka ta miya tana sauka a ƙarshe. In mai fiyano ya fara ƙirƙiro kari sannan aka cusa kalmomi, sai karin ya hau inda kalma take sauka, mai sauraro ya ji wani abu dabam ko ya kasa ganewa. Haka tsawon wasali: gari na mutane da gari na tuwo, in aka ja gajeren wasali don ya cika kiɗa, an sauya kalma. Don haka a rubuta baiti tukuna, a karanta shi da ƙarfi sau da yawa har hawa da saukarsa su fito, daga nan a ciro karin. Sannan a kira wanda bai taɓa ganin rubutun ba, a rera masa sau ɗaya daga nisan taku 20, ya maimaita abin da ya ji. Layin da ya kasa, a sake shi.

Kuma ku yi naku. Ɗaukar karin waƙar fim a sauya kalmomi yana jawo abu biyu: haƙƙin mai ita, musamman in za a ɗora a Facebook ko TikTok, sannan masu kallo za su riƙa rera ta asali a zuci su bar labarinku.

Ɗan Makaɗa:
Ƙari kan na Malama: a zaɓi tsayin murya da yara, ba da mai koyarwa ba. Babban namiji in ya ɗauko waƙa inda ya ji daɗi, 'yan mata sai sun ƙwala ko su yi gunaguni. A sa mafi ƙanƙanta su fara, fiyano ko gurmi ya bi su, a rubuta inda aka tsaya don kada gobe a sauya. Samari 'yan 13 zuwa 15 da muryarsu ke fashewa, kada a ba su dogon baiti, a ba su kirari ko magana cikin kiɗa.

Anti Nas:
Kowane babban matsayi a ba mutum biyu tun makon farko. Agusta da Satumba lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, cikin yara 34 da wuya a yi mako 6 ba wanda ya kwanta. In kwana biyu za ku yi wasan, to kowanne ya sami rana ɗaya, ba wanda ya yi wahalar banza. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jini, kada a ba shi farasitamol a tura shi dandali. A ajiye ruwan sha jarka biyu masu lita 25 a wurin gwaji, da akwatin auduga, filasta, bandeji da gishirin ORS. A zubar da duk ruwan da ya kwanta a gwangwani da tayoyi a harabar. Kafin waƙa a yi minti 10 ana gunji baki rufe daga ƙasa zuwa sama, kuma wanda muryarsa ta dishe ya yi shiru kwana biyu, raɗa ma tana ƙara gajiyar da maƙogwaro.

Sakataren Matasa, Mabera:
Mun rubuta duka. Yaya za a raba makonnin? Wasu yaran suna zuwa gona da safe, wasu Islamiyya da yamma.

Malama Mai Adabi:
Kada a tara 34 kullum. Ƙarfe 10 zuwa 12:30 na masu manyan matsayi, ranakun Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya a tara kowa bayan la'asar don amshi da rawa. Mako na 1 karatu a zaune da rabon matsayi. Na 2 waƙoƙi kaɗai, har su zauna. Na 3 tsayuwa da tafiya, a zana girman dandalin Baba a ƙasa da toka, ƙafa 24 bisa 16, a yi komai a cikinsa. Ƙarshen na 4 a ajiye takarda, ko an iya ko ba a iya ba. Wanda aka bari da takarda har mako na 5 ba zai taɓa ɗaga kai ba. Na 5 a haɗa daga farko zuwa ƙarshe da makaɗa, ana duba agogo. Na 6 dandali ya tsaya, gwaji ɗaya na sauti kaɗai, biyu da cikakkun kaya a daidai lokacin da za a yi wasan, don a ga inda rana take faɗawa.

Ku naɗa mai kula da dandali, wanda ba ya wasa ba ya waƙa. Littafi ɗaya a hannunsa: rubutu a shafin dama, a hagu wa zai shiga, ta wace matakala, da me a hannu, wane makirufo. Kayan wasa a jera a tebur, a zana wurin kowanne da alli. Sauyin fitowa kada ya wuce daƙiƙa 30, gurmi ya ci gaba a lokacin, don shiru yana sa yara 'yan kallo su taso.

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo:
Zaman jama'a: mata gefe, maza gefe, hanya a tsakiya mai faɗin da mutum biyu za su wuce, yara a tabarmi a gaba da manya biyu a cikinsu. Ƙofa biyu a buɗe. A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da Hisba a rubuce mako guda kafin ranar. Ɗaukar hoton 'yan mata da waya kuma a faɗi hukuncinsa tun a takardar iyaye, a maimaita a lasifika kafin a fara.

Sakataren Matasa, Mabera:
Saura tambaya ɗaya da ke damun kowa. In hadari ya taso ana tsakiyar wasa fa?

Injiniya, Arkilla:
A rubuta ranar madadi a jikin katin gayyata tun farko, kuma a yi jinga da masu kujeru da kayan sauti har da ita. A duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, kwana uku kafin, amma kada a dogara da shi kaɗai. Tunda gini ya rufe muku gabas, a sa mutum ɗaya a bayan azuzuwan, aikinsa kallon sama kawai, da waya a hannu. Ya ga walƙiya ya ƙirga har a ji tsawa: daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, a tsaya, ko ɗigo bai sauka ba. Mutum ɗaya ne ke da ikon cewa a tsaya, mai kula da dandali, ba a muhawara. Tsari: yara su shiga azuzuwa, mata da tsofaffi ɗakin taro, a kashe lasifikoki, sannan mikisa, sannan janareta, sannan a zare waya. Kowane kaya da mai ɗaukarsa da suna. A gwada wannan sau ɗaya a mako na 6 da agogo, ya kamata ya ƙare cikin minti 5. Kada kowa ya fake ƙarƙashin darbejiya ko rumfa mai sandar ƙarfe.

Baba Kafinta:
Ku tanadi leda babba da za ta ruhe dandalin duka, da duwatsun dannewa, tun ranar da anka kafa shi. Filawud in ya sha ruwa kumbura shikai, bakinai shi ɓare. In ruwa ya ɗauke kar a hau sai an share an barbaɗa yashi kaɗan an sake sharewa. Sakatare, ka aiko mani awon bangon nan daga tagar farko zuwa ta ƙarshe, da tsawon baranda daga ƙasa, in gani ko za a haɗa dandalin da ita a rage katako.

Sakataren Matasa, Mabera:
To Baba, gobe bayan azahar in sha Allahu zan auno in turo. Kawu, ɗakin taron ba silin.

Kawu Mai Sauti:
To mafaka ce kawai, kada a kai kayan sauti ciki. Ka auno mini nisan bangon zuwa inda layin kujeru na ƙarshe zai tsaya. In ya wuce mita 25 sai an ƙara lasifika ta uku a tsakiya.